Ranar da Inna Ta Zauna a Kan Dutsen Teku

Yayana ya tafi cin rani ina budurwa, har na aurar da 'yata ta fari bai sake taka garinmu ba. A wajenmu, can cikin duwatsun Adar da ke tsakanin Keita da Buza, tafiya ba abin magana ba ce. Ana gama girbi maza su yi kudu, hadari na fara haɗuwa su dawo da rediyo da sabon takalmi. Tafiyar Yaya ce kawai ta ƙi ƙarewa. Saƙonsa bai yanke ba, kowace salla da turmin atamfa. Amma Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita ba atamfa ta haifa ba.

Da ƙafafunta suka fara kumburi, idonta ɗaya ya yi yana, sai ta ce za ta je ta taho da shi da kanta, ta gan shi zaune a tsakar gidan ubansa kafin ta mutu. An ba ta baki, an kira limami, ta kafe. Da ni aka haɗa ta, don na yi lakkol, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, kuma, in ji mijina, ko 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka sun tare mu bakina zai gajiyar da su su sake mu.

Muka hau kar, babbar motar fasinja, a Madawa cikin zafin bazara, muka yi ta tafiya har duwatsu suka ƙare, ƙasa ta koma kore, gumi ya daina bushewa a jiki. Garin da Yaya yake yana bakin teku, can gaba da Abijan. Da shayi da burodi ya fara, yana sayar wa masunta in sun fito. Daga nan ya auri 'yar gidansu, daga nan ya shiga jirgi tare da surukansa, shi da yana yaro in kori, rafin nan na damina, ya kawo ruwa sai ni ƙanwarsa na riƙe masa hannu. Na tarar da shi da furfura a gemu. Ya durƙusa gaban Inna yana kuka, ita kuwa ta tambaye shi ina ne gabas, don ba ta yi la'asar ba.

Matarsa doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Hausar da take ji a bakin mijinta ta koya, in ta buɗe baki sai ka ji tsantsar Adaranci daga 'yar masunta. Abin dariya ne, amma ban zo da niyyar dariya ba. Ni da Inna mun gama yanke hukunci tun a hanya: wani abu ta ba shi ya ci. Inna ta ƙi abincinta, ta ce da geron da muka zo da shi za a dinga dama mata fura. Ta shige ɗaki ta ƙi fita. Teku kuwa ta ce ba ta ga abin kallo ba a ruwan da ko jaki ba ya sha.

Na lura matar Yaya takan fita da kwando da wata guntuwar wuƙa mara kaifi, ba ta gaya wa kowa inda za ta. Na ce to, ga hanyar gidan boka. Na yafa gyale na bi ta ina laɓewa. Ba mu yi nisa ba ta juyo ta ce in dai zuwa zan yi, in koma in sako takalmin roba, don wurin yana yanka ƙafa.

Inda ta kai ni duwatsu ne baƙaƙe, shimfiɗe tun daga gindin gari har can inda ruwa yake fashewa fari. Duk a jiƙe suke, kowane kwarmi da ruwa kwance a ciki. Ni 'yar dutse ce, kuma na san bakin tabki. Na san yadda tabkin Keita yake ja da baya in damina ta wuce, mutane suna bin sa da shukar wake da tumatir. Sai na tambaye ta, da muryar wadda ta san abin da take faɗa, a wane wata ruwan ya janye bana. Ta dube ni, ta ce ɗazu. Ta ce kafin azahar zai dawo ya rufe duk inda muke tsaye, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Na ɗauka raina mini hankali take yi, don haka na hau tudu na zauna in ga ƙaryarta. Ruwan ya zo. Bai zo da gudu irin na kori ba. Kowace igiya takan ɗan wuce inda ta baya ta tsaya, ta koma, wata ta zo ta ƙara, har na nemi dutsen da na tsaya a kai da safe na rasa.

Daga ranar na manta abin da ya sa nake bin ta. A wajenmu damina ɗaya ce rani ɗaya a shekara, kuma da ƙyar muke kai labari. Nan kuwa damina biyu rani biyu a kwana guda: ruwan gishiri ya nutsar da kai, ya tafi ya bar ka da rana mai ƙuna, sannan ya dawo ya maka ka da dutse. Wa zai zauna a irin wannan wuri? Ashe cike yake da jama'a, kowa da unguwarsa.

Can sama, inda feshin ruwa kawai yake kaiwa, akwai wasu 'yan dodon koɗi masu launin toka, ba su fi ƙwayar wake ba, sun cusa kansu cikin tsaga. Na ciro ɗaya na ga ya toshe bakinsa da ɗan marfi. Matar Yaya ta ce haka zai zauna da ɗan danshin da ya ɓoye, ko ruwa ya daɗe bai zo ba. Ƙasa da su dutsen ya yi fari da wasu ƙuraje masu kaifi, su ne suka sa aka ce in sa takalmi. In ka duƙa sosai, kowanne kamar rumbun ƙasa ne irin namu da aka ƙanƙance, har da murfinsa. Na rantse mata matattu ne. Ta kai ni wani kwarmi inda ruwa ya rufe su, ta ce in yi shiru in duba. Sai ga murafun suna buɗewa, wani abu kamar gashin tsuntsu yana leƙowa yana sharar ruwa yana komawa. Na daɗe a duƙe har wuyana ya ƙage.

Wanda take cira da wuƙarta kuwa kamar 'yar malfa yake, kife a kan dutse, naman a ƙarƙashi. Ta ba ni wuƙar. Na taɓa shi tukuna in ji ko yana motsi, ta ce shi ke nan na ɓata, na yi masa sallama. Na tura, na ƙwaƙula, na zage shi da zagin garinmu, ko gezau. Ita sai ta zo wa na kusa da shi ba zato, bugu ɗaya ya faɗo. Ta nuna mini gurbin da ya bari, daidai bakin ɓawonsa. Ta ce in ruwa ya rufe su sukan tashi kiwo, suna kankarar gansakukar jikin dutse, kafin ruwa ya tafi kowa ya koma gurbinsa, don nan ne kawai bakinsa yake haɗuwa da dutsen har iska ta kasa shiga ta busar da shi. Na tambaye ta yadda yake gane hanya, tunda ban ga ido ba. Ta ce ba ta taɓa tambayarsa ba.

Ni ma ban yarda ta cinye ni duka ba. Na ba ta labarin gaiwa, kifinmu da yake shiga laka in tabki ya ƙafe, ya yi barci cikin busasshiyar ƙasa har wata damina, mu je mu haƙo shi da fartanya. Ta ce kifi a cikin ƙasa, kamar rogo? Ta yi dariya har ta zauna. Na ji haushi ƙwarai, don ni na zauna na ga ruwanta, ita kuwa ba ta da hanyar ganin gaiwata.

A can ƙasa, inda ruwa ba ya cika bari, akwai baƙaƙen abubuwa masu ƙaya irin ta bushiya, kowanne cikin ramin da ya ci wa kansa a dutse. Ta tsinto mini ɓawon wani da ya mutu ƙayar ta zube. Na san shi. Muna yara, in mun kai awaki bayan gari, muna tsintar irinsa a gefen tudu, da zane biyar daga tsakiya, sai dai namu dutse ne zalla. Kakarmu takan ce na iskokin dutse ne mu mayar. Limami ya ce ragowar ruwan Annabi Nuhu ne. Mushenmu, malaminmu na lakkol, ya ce teku ce ta taɓa kwanciya a kan Adar tun ba a yi mutane ba, muka yi masa dariya a ɓoye.

Na kai wa Inna. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce namu ne, wani ɗan cin rani ya zo da shi ya yar. Da na gaya mata ruwan nan yana tafiya ya dawo sau biyu a kwana, ta ce na fara cin abincin matar nan, ga shi har na koyi ƙaryar mutanen kurmi.

"Ruwan da yaj janye ya janye," in ji ta, "sai baɗi, in da rabo."

Duk wannan lokaci maganar da ta kawo mu ba ta motsa ba. Kullum da yamma Inna ta kira Yaya, kullum ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa ya ce in Allah ya yarda baɗi. Lokacin kifi ne, yara suna lakkol, jirgin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ni ma na sa baki, na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta. Ya ce mini kunya ce ta riƙe shi tun farko, da ya yi shekaru bai samu komai ba, daga baya kuma kunyar daɗewar ta fi ta farkon. Na ce masa kunyarsa ba za ta sa a jinkirta wa Inna ajali ba.

Matar Yaya ta riga ta gaya mini in farin wata ya cika, ruwa ya fi yin nisa, ya kuma fi hawa in ya dawo. A irin wannan rana ce, da hantsi, muna tsakar gida muna gyaran kifi, mun ɗauka Inna tana ɗaki, wata maƙwabciya ta shigo ta ce tsohuwarmu tana can kan dutsen ƙarshe.

Ita kaɗai ta fita da sandarta. Ta ga fili, ta ga alamar ruwan da ya janye, ta bi duwatsu a hankali har wani babba da a sauran ranaku ruwa yake zagaye shi. Ta hau, ta shimfiɗa gyalenta, ta zauna da carbi. Tun daga nesa na gane abin da take yi. Kakanninmu a kan dutse suke rantsuwa. Gidanmu ya daɗe da yin salla, amma har yanzu in tsoho ya hau dutse ya ce ba ya sauka sai an yi masa abu kaza, ba a ɗaga shi da ƙarfi. Ko a yi masa, ko a bar shi nan ana kai masa ruwan sha. A tudun garinmu wannan zama ba ya kashe kowa. Inna ta zo da shirin wuni, har da butarta.

Muna isa wurinta ruwa ya fara shigowa ta kwazazzabon da ke tsakanin dutsen da gari, bai wuce idon sawu ba. Na dudduba inda take zaune ina neman 'yan dodon koɗin nan masu launin toka, na wurin da ruwa ba ya kaiwa. Babu ko ɗaya. Tun daga gindi har sama fararen rumbunan nan ne da 'yan malfa, har a ƙarƙashin gyalenta. Ba sai an gaya mini ba, dutsen duka nutsewa yake yi.

Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ruwa na tahowa. Wurin ga duka shina ruhewa."

"Na rantse da Allah bisa dutsen ga, ba ni tashi sai ka ce kana tahiya gida da ni," in ji Inna. "Ruwa shi zo. Na riga shi zama."

Na yi mata magiya, na yi mata faɗa, na ce ta dubi bayanta. Ba ta juya ba. Sai da wata igiya ta hau ta jiƙa mata zane ta tafi da butar, sannan ta dubi ruwan da idonta mai gani, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka sallama ya sake dawowa. Ta gane. Amma ta riga ta rantse, kuma Inna ba ta taɓa karya rantsuwa ba. Ta ƙara damƙe carbinta.

Matar Yaya ta gaya wa mijinta wata gajeriyar magana da yarensu, ta sauka ta tsaya a tsakiyar kwazazzabon, ruwa har ƙugu, ta kafa ƙafa. Har yau ban san me ta ce ba. Yaya ya ɗago kai.

"Na ji, Inna. Ina tahiya. Tashi."

Ya goya ta. Bai faɗa ruwan nan take ba kamar yadda ni zan yi. Ya tsaya a gefe da uwarsa a baya yana kallon teku, ya bar manyan igiyoyi suka zo suka wuce, ni ina ta yi masa ihu ya yi sauri. Da ya ga ta lafa, sai ya sauka. Ruwa ya kai masa ƙirji, ƙafarsa tana samun wurin takawa a inda ni ba na ganin komai sai kumfa. Matarsa ta kama damtsensa ta miƙa shi gaba, sannan ta dawo ta ja ni. Sandar Inna da takalminta ɗaya suka bi butar.

A gida matar Yaya ta wanke wa Inna ƙafafu da ruwan ɗumi, ta shafa mata mai a inda dutse ya yanka, Inna ba ta janye ƙafar ba. Ni ina ta murna a ciki, na ce ko ba komai buƙata ta biya. Bayan magariba Inna ta sa aka kira Yaya.

"Maganad da kay yi ɗazu, ruwa yak karɓe ta ga bakinka, ba ni ba," ta ce. "Na maido ma abinka. Na ga tahiyarka cikin ruwan ga. Zamna wurin ɗiyanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mun ƙetare ƙasashe, ta kusa nutsewa, ya faɗa da bakinsa, yanzu kuma ta ce ta yafe? Ta ce in rufe mata baki, ba ni na haife shi ba. Na fita waje na yi kukana, na haushi da na tausayinta a haɗe.

Washegari ta ce a kai ta ta ga ruwan nan da kyau. Muka zaunar da ita a tudu da lema, ta ga tafiyarsa ta ga dawowarsa. Ta sa surukarta ta kawo mata ɗan dutse mai rumbuna a cikin ƙwarya da ruwan teku, ta kai ido kusa har hancinta ya taɓa ruwa, ta jira suka buɗe. Ta yi ta tambaya: wa yake ba su abinci, suna haihuwa, suna jin zafin rana? Da za mu tashi ta ce a mayar da dutsen daidai inda aka ɗauko shi. Ran nan ta ci abincin gidan, da miyar 'yan malfa a kai, ta ce gishiri ya yi yawa.

Ranar komawarmu Yaya ya ɗauki buhun busasshen kifin da matarsa ta ɗaure mana tun jajibiri, ya ce zai raka mu tasha. Da rigar aikinsa ya fito, da silifa. A tasha ya ce bari ya kai mu Abijan, canjin mota yana da wuya ga tsohuwa. A Abijan ya ce iyaka ba ta da daɗi ga mata su kaɗai. Na ce masa rakiyar tasa ta fara tsawo, ya ce in kula da kayana. Inna kuwa ta jingina da kafaɗarsa ta yi ta barci. Da duwatsun Adar suka fara fitowa bayan Madawa na ga ya juya fuska ga taga, ban tsokane shi ba.

Ya shiga gidan ubanmu ba shi da ko rigar canji, sai ta mijina aka aro masa. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ɗakinta, ta zauna tana kallonsa a tsakar gida yana gaisawa da mutanen da rabinsu bai gane su ba.

Da gari ya waye na kwance buhun kifin in rarraba wa maƙwabta tsaraba. A ƙasan kifin akwai ƙunshi cikin leda, an naɗe shi da kyau don kada wari ya shiga. Kayan Yaya ne a ninke: rigunansa, da babbar rigar Juma'a, da hula. Matarsa ta sa su tun lokacin da shi kansa yake cewa tasha kawai zai kai mu. A can ƙarƙashi kuma da rigar sanyi, sabuwa fil, mai kauri, irin wadda ba mai buƙatarta a bakin teku. Ko ɗigon farko bai sauka ba a lokacin. Na ɗaga ta ina dariya, na ce wannan mata ba ta san Adar ba, wa zai sa wannan a zafin nan.

Ya yi shuka da mu, ya yi noma har tafin hannunsa ya fashe, ya kai gero rumbu. Bai yi maganar komawa ba, don Inna ta daina fitowa ko bakin ɗaki. Da sanyi ya shigo sosai ya ɗauko rigar. Ita ce a jikinsa safiyar da ya sauka cikin kabari ya miƙo hannu aka ba shi Inna.